Motar Ranar Talata

Huseina nas ce a wani asibiti a Riyad. Da likitoci suka fara bincike kan ciwon suga da ke kama mata masu juna biyu, sai aka ɗora mata nemo matan da ke jin Hausa, tunda ba mai iya yi musu bayani sai ita.

Samo su bai yi wuya kamar riƙe su ba. Wata ta zo sau biyu mijinta ya hana. Wata ta ce jinin da ake ɗiba ya yi yawa. Wasu da ciki ya tsufa sai su koma gida Najeriya su haihu a gaban iyayensu, ko sallama babu.

Muhibba ce kaɗai ba ta taɓa fashi ba. Mijinta Lurwanu direban babbar mota ne, yana kai kaya Dammam, ita kuwa tana wuni ita kaɗai a wani ɗaki a unguwar Shifa, maƙwabtanta duk ba mai jin yarenta. Duk Talata motar masu bincike takan ɗauko ta. A auna ta, a ɗebi jini, sannan ta zauna kusa da teburin Huseina tana ba ta labarin Gumel, da yadda take kwaɗayin ɗanwake da man gyaɗa. Sau da yawa sai direba ya leƙo ya nuna agogo kafin ta tashi.

Cikin na wata bakwai, wata Talata, aka ɗora na'ura ba a ji bugun zuciyar ɗan ba. Aka kira likita, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce wa Huseina ta faɗa mata da Hausa. Huseina ta faɗa. Muhibba ba ta yi kuka a lokacin ba, ta dai tambaya ko wani abu ta ci. Aka ce mata a'a, ba laifinta ba ne, ba kuma na binciken ba. Da aka fitar da ɗan, namiji ne. Lurwanu ya iso washegari, shi da abokan aikinsa suka kai ɗan makwanci.

Bayan duba na ƙarshe aka cire sunanta daga binciken, don na masu ciki ne.

Talatar da ta biyo baya wayar Huseina ta yi ƙara. Muhibba ce, ta ce tun safe ta shirya, mota ba ta zo ba. Huseina ta fita baranda ta yi mata bayani a hankali.

Muhibba ta ce, "Anti, ai har yanzu ina da jini. Ku ci gaba da ɗiba mana."

"Ba haka tsarin yake ba, ƙanwata. Amma zan zo in gan ki."

Ta je sau ɗaya, ranar Juma'a, da ɗanwake a kula. Muhibba ta ci kaɗan, kayan jariri na nan a ƙulle a gefen katifa. Huseina ta yi niyyar komawa, sai aka ƙara mata aiki, aka ce a nemo sababbin mata a unguwar Jaradiya su cike gurbin waɗanda suka tafi.

Da ta sami sarari ta kira, Lurwanu ne ya ɗauka. Ya ce ya mayar da Muhibba gida Gumel, ta daina cin abinci, shi kuma ba ya zama. Huseina ta roƙe shi lambarta ta can, ya ce zai turo. Bai turo ba.