Gida Babu Kowa

Zamanin da mutum zai riƙa tsaron gida da idonsa ya wuce, kuma duk mai shakka ya je gidan Manaja ya gani. A can an haɗa ƙararrawar ɓarayi da fitilu da fankoki da labulaye da makullin ƙofa, duk suna jin maganar juna. Gidan ya san wayar Manaja, ya san ta matarsa, Malama. Da zarar wayoyin nan biyu sun fita daga get, sai muryar wata mace ta fito daga bango ta ce, "Gida babu kowa." Ƙofa ta kulle kanta, fanka ta tsaya, labule ya rufe, wasu ƙananan idanu da aka manna a kusurwoyin silin kowane ɗaki su shiga neman motsi. Da sha biyun rana kuma rediyon falo yakan kunna kansa na minti ashirin, don ɓarawo ya ɗauka akwai mutum a ciki.

Manaja yakan bayyana wa baƙi duk wannan tun suna tsaye, kafin a kawo musu ruwa.

Abu ɗaya ne aka manta ba a gaya wa gidan ba, wato Baba.

Baba mahaifin Manaja ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gadin ƙofar wani kamfanin taya, kuma da gadin nan aka yi karatun da ya mayar da ɗansa Manaja. Da matarsa ta rasu aka ɗauko shi, aka ba shi ɗakin da ke kusa da kicin. Wayarsa mai maɓalli ce, an ɗaure bayanta da roba. Gidan bai san da zamanta ba.

Ranar Litinin ta farko bayan an gama haɗin, masu gida suka tafi aiki, Baba ya tashi ya ɗebo ruwa. Taku uku ya yi. Gidan ya kurma ihun da ya tashi tantabarun unguwa kaf, fitilu suka hau ƙiftawa. Motar kamfanin tsaro ta zo, maƙwabta suka cika ƙofar get. Ta gefen labulen taga suka hango ɓarawon: tsoho ne a tsaye a tsakiyar falo, ya ɗaga hannu sama, kofi a hannun. An kira Manaja daga tsakiyar taro da manyansa, ya garzayo gida, Malama na biye da shi.

"Haba Baba, me ka taɓa?"

"Ruwa na taɓa."

"Ba ka danna komai ba?"

"Ni da ban san inda ake danna ta ba? Tashi kawai na yi, ɗan nan, ta ce ɓarawo."

Malama ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Baba, ashe kai ne muke ta nema!" Shi ma ya yi dariya, don ya ga ita ake yi.

Ranar Laraba aka maimaita. Wannan karon banɗaki ya nufa, kuma ba wanda ya yi dariya. Da yamma Manaja ya kira ma'aikacin da ya yi haɗin, ya sa wayar a amsa-kuwwa.

"Ranka ya daɗe, ai abin ba wuya," in ji ma'aikacin. "A saya wa tsoho babbar waya mu shigar da ita, gida ya san shi. Ko kuma a daina kunna ƙararrawar da rana."

"A daina kunnawa? To me na haɗa ke nan?"

"Sai wayar, ranka ya daɗe."

"Asabar zan saya."

Baba na ɗakinsa, amma bangon ba shi da kauri. Ya ji sauran maganar da aka yi ƙasa-ƙasa a kicin. Manaja ya ce ba zai iya barin ofis sau biyu a mako ba. In abin ya ƙi, sai Baba ya koma wurin Yaya na ɗan lokaci. Yaya ita ce babbar 'yar Baba. Ɗaki biyu gare ta, da yara bakwai, da miji mai amsa gaisuwa da hanci. Baba ya san tsawon "ɗan lokaci", domin da shi kamfanin taya ya sallame shi. Kuma a gidan nan ne kaɗai yake ganin ɗansa, ko da minti goma ne da yamma, yaron na cire takalmi yana duba waya.

Tsohon maigadi ya san abin da masu na'ura ba sa faɗa: kowane ido yana da inda ba ya gani. Washegari da sassafe, masu gida na shiri, ya yi ta kai-kawo a falo yana kallon ɗan jan hasken da ke ƙiftawa a kusurwa duk lokacin da aka gifta. Tsakanin firji da bango, daidai ƙarƙashin idon, hasken bai ƙifta ba. Faɗin wurin bai wuce kujera ɗaya ba. Ya jawo kujerar roba ya ajiye.

Tun daga ranar ƙararrawa ba ta sake kuka ba.

Ƙarfe bakwai da rabi Baba ya gama duk abin da ɗan'adam ke yi a tsaye. Ya daina shan shayin safe, don shayi yana da sakamako. Ruwa kuwa sai kurɓi ɗaya, a jiƙa leɓe. Muryar bango ta ce gida babu kowa, fanka ta mutu, labule ya ja duhu, shi kuma ya ɗora tafin hannu a gwiwa. Sallar azahar da ta la'asar a zaune yake yinsu, da ɗan sunkuyon kai. Idan rediyo ya kunna kansa don yaudarar ɓarayi, sai ya saurari labarai, ya ji daɗin an yi magana a ɗakin. Ƙarfe biyar saura kwata motar Malama ta shigo, gida ya farka, ya miƙe a hankali yana dafa firji.

Asabar ta zo ta wuce, ta sake zuwa. Ba a sayi waya ba, don ba a ga dalili ba. "Na'urar nan koyo take yi," Manaja ya gaya wa baƙi. "Kwana uku kawai ta ɗauka ta gane Baba. Wata huɗu ke nan ko tari ba ta yi ba."

A wata na biyar ƙafafun Baba suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Manaja da kansa ya kai shi asibiti, kuma gaskiya hankalinsa ya tashi. Likita ya danna ƙafar da yatsa, ramin ya daɗe bai ciko ba.

"Baba, zama ya yi yawa. Duk awa ɗaya ka tashi ka zagaya, ka riƙa shan ruwa sosai. In ba haka ba jini zai daskare a jijiya, kuma wannan ba wasa ba ne. Akwai wurin takawa a gida?"

"Wuri?" in ji Manaja. "Likita, falo biyu ne. Gidan gaba ɗaya nasa ne daga safe har yamma. Baba ne dai da son jiki, kullum a kan kujera ɗaya muke samunsa."

"Ka ji ko, Baba?"

"Na ji, likita."

A mota Manaja ya dafa kafaɗarsa. "Don Allah Baba ka riƙa motsawa. Kai kaɗai ka rage mini a iyaye."

Baba ya dubi hannun da ke kafaɗarsa. Ya buɗe baki, sai wayar Manaja ta yi ƙara, ofis ne. Baba ya rufe bakin.

Da safe Malama ta ajiye masa babbar gorar ruwa da magunguna a kan tebur, can tsakiyar falo, ta ce ya shanye kafin ta dawo. Ya sa mata albarka. Ya ji motar farko ta fita, ya ji ta biyu. Ya ja ƙafa zuwa bayan firji, ya zauna, ya gyara rigarsa don kada ta motsa.

"Gida babu kowa," in ji muryar.

Baba ya ɗora hannuwa a gwiwa.