Titin Da Ya Yi Kore

"Ka bar babban titi, Yaya, ya cushe," in ji Auta, waya na maƙale tsakanin kunnenta da kafaɗa. "Ka karya dama wajen gidan mai, ka bi ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Fayau take."

"Kin tabbata? Ruwan nan fa kamar da bakin ƙwarya. Ko hancin motata ba na gani."

"Ga ta nan a gabana, kore shar. Yaya jikin Umma?"

Muryar mahaifiyarsu ta taso daga kujerar baya, numfashi na yanke mata magana. "Ka bi abin da ta ce mana. Ita ke zaune gaban allo, kai kana zaune gaban gardama."

Yaya ya yi tsaki, ya kashe wayar.

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Yau ce ranar wankin ƙodar Umma. Ƙafafunta sun kumbura tun jiya, kuma idan ta makara, asibiti zai ɗora wani a kan injin, ita sai wani zagayen. Jikinta ba zai kai wani zagayen ba.

Ɗakin kula da zirga-zirga na hukumar sufurin birni ya cika da kukan wayoyi. A bango akwai ƙaton allo mai ɗauke da taswirar birnin. Kowace bas ta hukumar, da yawancin motocin haya, suna da 'yar na'ura da ke aiko da inda suke da irin gudun da suke yi. Auta ce ta haɗa tsarin da ke tace waɗannan bayanai ya rina tituna: ja idan motoci na rarrafe, ruwan ɗorawa idan da dama-dama, kore idan hanya a buɗe take. Tun da aka fara ruwa da safe, taswirar ke ta rikiɗewa zuwa ja, kamar jini na bin jijiyoyi.

Dogo, abokin aikinta, ya jingina da kujera yana kurɓar shayi. "Ikon Allah," ya ce. "Yau ƙarƙashin gada ta tuba. Titin da ko miyau ka tofa sai an nemo kwalekwale, wai shi ne kore a wannan ruwan."

Auta ta buɗe baki za ta yi dariya, sai dariyar ta maƙale.

Ta danna titin. Ta nemi adadin motocin da suka ratsa shi tun da ruwa ya tsananta. Allo ya ba ta amsa: babu ko ɗaya.

Ta san dalili, don da hannunta ta tsara shi. A farkon aikin, titunan da ba kowa a kansu sukan yi fari a taswira, mutane su yi ta kira suna cewa na'ura ta lalace. Sai ta sa doka: duk titin da bai aiko da labari ba, a ɗauka gudun da aka saba yi a kansa ake yi. Titin ƙarƙashin gada bai yi kore don yana lafiya ba. Ya yi kore don ba wanda ya fito daga cikinsa ya faɗi komai.

"Dogo, zo ka ga wani abu."

Ta jawo sawun motocin da suka doshi wajen. Layuka suka bayyana, kowanne ya gangaro daga gidan mai, ya tsaya, ya lanƙwashe ya koma, kamar ƙugiyoyi da aka jera. Duk a wuri ɗaya suka juya. Layi ɗaya ne kaɗai bai juya ba, na wata motar haya. Ya shiga ƙarƙashin gadar, daga nan ɗigon da ke nuna motar ya ɓace.

Dogo ya ajiye kofinsa. "Innalillahi. Kyamarar wajen fa?"

"Ta mutu tun da aka ɗauke wuta."

Ta riga ta danna lambar Yaya. Ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ta sake. Ta san inda wayar take: ya jefa ta a kujerar gefe, ruwa na dukan rufin mota kamar ana ganga, idonsa na kan gilashi. Ta kira lambar Umma. Aka ɗauka nan take, har ta fara cewa alhamdulillahi.

"Auta? Ni ce, matar Yayanki. Umma ta bar wayarta a caji. Lafiya na ji muryarki haka?"

"Lafiya lau, Anti. Ki yi ta kiran Yaya, kada ki daina. In ya ɗauka ki ce ya tsaya duk inda yake."

"Me ya faru? Ke Auta, kada ki kashe min..."

Ta kashe.

Ta san gangaren gadar nan kamar yunwar cikinta. Kwana ce mai kaifi, katanga ta rufe gaba, ba ka ganin ƙasan gadar sai ka sha kwanar. Direban bas yana sama, yana hango ruwa ya taka birki. Mai ƙaramar mota kuwa, a cikin wannan ruwan, ba zai bambanta kwalta da tafki ba sai ya ji injin ya shaƙe. Kuma motar Yaya ba ta da na'ura. A duk faɗin allon nan, ita kaɗai ce motar da take son gani, ita ce kuma ba ta ciki.

Ta mayar da titin ja da hannu, ta miƙe da gudu zuwa ofishin Darakta. Ta tarar da shi da waya a kowane kunne.

"Yallaɓai, a rufe ƙarƙashin gada. Yanzu."

Ya kalli allon ta gilashin ofishinsa. "Yanzun nan na ga kore. Gidan rediyo ma sun karanta wa jama'a su bi can."

Ta manta da rediyo. Ba Yaya kaɗai ta tura ba ke nan.

"Koren ƙarya ne, Yallaɓai. Ba motar da ke wucewa. Zo ka ga sawu."

Ya biyo ta, ya tsaya yana kallon ƙugiyoyin. Mutum ne da ya taɓa rufe titi bisa jita-jita, aka kira shi sama aka wanke shi tas, tun daga ranar bai ƙara motsi ba sai da shaida.

"Wa ya ga ruwan da idonsa?"

"Ba kowa. Amma direbobin nan ba su haɗa baki ba. Me zai juyar da su duka a wuri ɗaya? Wannan kuma," ta ɗora yatsa a inda ɗigon motar haya ya ɓace, "bai fito ba."

Darakta ya shafa gemu. "Dogo, kira 'yan sanda su kai shinge. Ka kira rediyo su janye."

"Na kira, Yallaɓai. Motar 'yan sandan na can tsallaken kasuwa, ruwa ya tare ta."

"Mahaifiyata na kan titin," in ji Auta. Ba ta yi niyyar faɗa ba. "Ni na ce su bi."

Darakta da Dogo suka juyo suka dube ta.

Idonta ya koma kan taswira, yana neman duk abin da ke motsi kusa da gidan mai. Ɗigo ɗaya ne, yana tafiya kamar hawainiya. Ba sai ta duba lamba ba. Duk hukumar an san tuƙin Baba Sannu-Sannu, tsohon direban da fasinjoji ke cewa gara su sauka su taka. Da wani ne, da tuni ya wuce wajen.

"Yallaɓai, bas ɗin Baba. In ya gicciya ta a bakin gangare, ba mai wucewa."

"Bas ba shinge ba ce. Da mutane a ciki. In wani ya kwaso da gudu ya daki cikinta, wa zai amsa?"

"A sauke su a rumfar gidan mai. Ni zan amsa."

"Ke? Wa ya san ki a sama?" Ya dube ta, ya dubi allon. Sannan ya ciro rediyon sadarwa daga mazauninsa ya miƙa mata. "Ce masa ni na ce."

"Baba Sannu-Sannu, kana ji na? Auta ce daga ofis."

Rediyon ya yi shuu, sannan murya ta fito a natse. "'Yata mai kwamfuta. In kan latti ne, ku tambayi sama, ba ni na saki ruwan ba."

"Baba, sauke fasinja a gidan mai. Ka kai motar bakin gangaren gada ka gicciya ta, ka toshe titin gaba ɗaya. Ka kunna duk fitilun da kake da su. Darakta ne ya ce."

"In toshe titi? Ni da ko tarar fakin ba a taɓa yi min ba?"

"Baba, don girman Allah, yau kaɗai ka yi sauri!"

Sai suka ji yana ɗaga murya: "Jama'a, kowa ya sauka, mota ta gaji!" Hayaniya ta kaure, wata mata na zagi, ƙofa ta yi ƙara.

Ɗigon ya tsaya. Auta ta danna lambar Yaya da ɗaya hannun, tana ƙara, tana ƙara. Ɗigon ya motsa. Dogo na tsaye yana cewa, "Taka, tsoho, taka!" kamar mai kallon ƙwallo. Ɗigon ya kai bakin gangare, ya juya, ya ja baya, ya sake juyawa, ya tsaya cik.

"Na toshe," in ji Baba, yanzu da haki a muryarsa. "La'ilaha illallahu! 'Yata, wannan ba titi ba ne, kogi ne. Ga rufin wata tasi can, ruwa na lasarsa. Direban na kan katanga yana ɗaga min hannu, da ransa."

"Baba, wata ƙaramar farar mota ta wuce ka? Da tsohuwa a baya?"

"Farar mota? Kafin in gama juyawa wata ta sulale ta gefena. Ban ga kalarta ba, gilashina duk hazo."

Auta ta dafe tebur. Ta rediyon ana jin hon na motoci da suka fara taruwa, da wani na buga jikin bas.

"Tsaya," in ji Baba. "Ga ta nan tana dawowa da baya. Ja ce. Ya ga abin da ya gani."

Ja. To ina farar?

Wayarta ta yi ƙara a hannunta har ta kusa yar da ita.

"Ke Auta!" Yaya ne, a fusace. "Wane irin mahaukata kuke ɗauka aiki? Wani tsoho ya gicciya bas a tsakiyar titi, na yi hon, na sauka na buga masa mota, ko kallona bai yi ba! Ga shi ke da matata kun dame ni da kira. Ki ɗauki lambarsa, wallahi sai an kore shi!"

Auta ta zame ta zauna a kujera. Ta rufe baki da tafin hannu, kafaɗunta na rawa.

"Kina ji na kuwa? Dariya kike yi?"

"Ina ji, Yaya. Ba ni Umma."

"Ga ni, 'yar nan," in ji Umma, a hankali. "Ƙirjina ya yi nauyi. Za mu kai kuwa?"

"Za ku kai, in sha Allah."

Yaya ya karɓe wayar. "To, malama mai allo, yanzu ina zan bi?"

Ta goge ido ta ɗaga kai. Hanyoyi biyu suka rage zuwa asibiti. Ta bayan makaranta tana nan kore shar, gajeriya, ba ɗigo ko ɗaya a kanta. Babban titi kuwa ja wur, motoci sun yi jerin gwano, suna ja jiki kaɗan-kaɗan, amma kowace da ta shiga ta wannan baki tana fita ta wancan.

"Ka koma babban titi," ta ce.

"Wanda kika ce ya cushe?"

"Shi. Ka shiga inda ya fi cunkoso, ka bi bayan mutane. Zan kira asibiti su riƙe mata injin."

Ta ajiye wayar, ta jawo madannan kwamfuta, ta fara goge koren daga duk titin da ya yi shiru.