Darasin Albasa a Maiyama

Ɗalibai masu koyon aikin malanta da ake turawa wata sakandare a Maiyama suna da wani littafi mai baƙin bango. Tsarin darussan Hausa ne na zango guda, rubutun hannu, babu suna a jiki. Kowane rukuni yana bar wa na bayansa. Ba a zama a tsara darasi, kwafa ake yi.

Zaharaddeen, ɗan wani manomin albasa daga Kashin Zama, ya fi kowa dogara da littafin. A gaban aji bakinsa ba ya gajiya, amma da ya ga farar takarda sai tafin hannunsa ya jiƙe da gumi.

Ranar Laraba aka sanar cewa mai duba su, Malama Dorothy Istifanus, za ta zo daga Aliero washegari da ƙarfe goma sha ɗaya. Wanda ba shi da rubutaccen tsarin darasi ba shi da maki, sai ya maimaita shekara. Littafin kuwa abokinsu Kalilu ya are shi ya tafi Jega, inda Malama za ta fara dubawa da safe.

Da safiyar Alhamis abokiyar karatunsa Hafsat ta same shi a ɗakin malamai.

"Deeni, tun bakwai kake zaune, ko layi ɗaya babu. Biron ne ya ƙi?"

"Bar ni, Hafsat. Kaina ya tsaya."

"Kai da ke cika mu da zancen albasa har a buga ƙararrawa? Mine ne darasin?"

"Insha'in bayani."

Ta ajiye wayarta a gabansa, ta danna ɗaukar murya. "To, gaya min yadda babanku ke ajiye albasa ta kai damina ba ta ruɓe ba."

Minti huɗu yana magana. A yanke ban ruwa kafin cira. A bar ta a gona har wuyanta ya bushe. A tsince masu rauni. A jera sauran a kan rudu, wato dandamalin kara da iska ke bi ta ƙarƙashinsa, a rufe da ciyawa.

Hafsat ta kunna masa muryar. "Rubuta abin da wannan mutumin ya faɗa. Ya fi ka ilimi."

Ya rubuta, ya soke, ya sake rubutawa. Shafi biyu suka fito, duk soke-soke.

A aji, Malama Dorothy ta zauna a bencin baya da takardun da ya rubuta a hannunta. Rabin ɗaliban 'ya'yan manoman albasa ne. Wata ɗaliba mai suna Sumayya ta ɗaga hannu ta ce Malam ya manta da juya albasar, su a gidansu duk mako biyu ake juya ta. Ya ƙara maganarta a allo a matsayin sakin layi na biyar. Sannan kowa ya duƙufa ya rubuta nasa bayanin.

Bayan an tashi Malama ta kira shi.

"Wannan ba daga baƙin littafi ya fito ba."

Ta ajiye takardun, ta ci gaba.

"Ni na rubuta littafin nan, shekara goma sha shida da suka wuce, ina ɗaliba kamarka. Misalin dafa gwaten acca da ke ciki na garinmu ne. Ɗazu a Jega na ji wani yana koyar da shi. Na tambaye shi yaya ƙwayar acca take, ya kasa."

Ta cika takardar maki, ta sa hannu. "Ka wuce. Zan ɗauki hoton shafukan nan, in nuna wa 'yan baɗi."

"Malama, bari in kwafe su da tsabta."

"A'a. Da soke-soken nake so su gani. Amma ba ka sa suna ba."

Zaharaddeen ya goge hannunsa a jikin riga, ya karɓi biro, ya rubuta sunansa da na garinsu a saman shafin farko.