Furotin ɗin Susanna

Abin da Dakta Susanna ta rasu ta bari ba ya da yawa: littattafai, da miji, da wata 'yar kwalba mai furotin ɗin da ta tace daga dafin kububuwa. Mijin, Malam Mordecai, tsohon malamin tarihi ne, bai san komai game da furotin ba. Ya dai san cewa in an tabbatar babu gauraye a ciki, aikin zai fito da sunanta.

Da wutar lantarki ta fara wasa da firizar ɗakin gwajinta a Samaru, sai ya kai kwalbar ɗakin sanyi na Ebele mai kifi a Sabon Gari. Duk Lahadi bayan coci yakan je ya buɗe murfin, ya leƙa, ya shafa bakin kwalbar da yatsa, ya rufe.

"Oga, madam tana lafiya?" Ebele kan tambaya.

"Ta fi kifinki."

Jemimah, ɗalibar marigayiyar, ita ta aika samfurin furotin ɗin ƙasar waje a gwada. Ranar da sakamako ya iso ta zaunar da shi a ɗakin gwaji, ta juyo masa da kwamfuta.

"Baba, furotin kamar jigida yake, ƙwayoyinsa su ake kira amino asid. Na'ura tana cire amino asid ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin sunansa. In furotin ɗaya ne a kwalbar, suna ɗaya za ta ba da a kowane mataki."

"Nawa ta bayar?"

"Uku, wani wurin huɗu. Ya sha narkewa da daskarewa, ya kakkarye. Kuma akwai furotin na fatar mutum a ciki."

Ya cire tabarau ya goge.

"Fatar wa?"

"Na'ura ba ta faɗin suna, Baba."

"Ko tata ce?"

Jemimah ta dubi teburi. "Mama ba ta taɓa kama kwalba ba safar hannu ba. Ta taɓa korata gida a kan haka."

Ya dubi yatsansa. Yatsa ne dai, kamar kullum.

"To aikin fa?"

"Ba mai buga shi a haka."

Ya yi mata godiya, ya hau keke napep. Sai a Palladan ya lura Sabon Gari ya ce wa direba, ba gida ba. Bai gyara ba.

"Oga, yau ba Lahadi ba ce," in ji Ebele.

"Na sani. Wurin nan da kika ware mini, ki sa kifinki."

"Madam fa?"

"Ba ni kifi ɗaya, ƙarami. A yanka."