Koko da Gonar Sada

Tun ranar da likita ya ce ina da ciwon suga, ɗana Iliyasu ya zama alƙali a gidana. Ni Sada, da na tsufa ina noman shinkafa a bakin kanal ɗin Kura, ni aka hana cin ta. Safe koko, rana koko, wai abu mai ruwa-ruwa ba ya yi wa jini nauyi. Sugan bai sauka ba, ƙafafuna kuma suka fara rawa.

"Baba, tunda jiki ya ƙi, a ba da gonar haya," in ji shi. "Gobe Muhammadu Sani, mai neman hayar, zai zo ya gan ta."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Gonar nan hannuna kaɗai ta sani.

Ƙanwar Iliyasu, Halimatu Sa'adiyya, mai aikin jinya a Bunkure, ta zo da 'yar na'urar awo. Bayan kokon safe ta huda mini yatsa, ta dubi lambar, ta dubi yayanta.

"Yaya, koko fa gasara ce zalla. Nan da nan yake zama suga a jini."

Ban jira su gama musunsu ba. Da rana na leƙa madafa na ce wa uwarsu ta zubo mini shinkafa da wake, ta sa kifi da zogale.

"Baba, kashe kanka za ka yi," in ji Iliyasu.

"In na mutu sai ka ba da hayar."

Halimatu ta zauna kusa da ni. "Fara da kifin da ganyen, Baba, shinkafar kaɗan daga baya. Kifi da wake in sun narke, abin gina jikin da suke saki a jini yana taso insulin, mai kwashe sugan. Ganye kuma yana rage masa gudu."

Na ci, na taka bakin kanal na dawo. Ta sake awo. Lambar ta hau, amma ba ta kai ta koko ba.

"Ciwon yana nan fa, Baba. Magani ba fashi," in ji ta.

"Ya zauna. Ni ma ina nan."

Washegari Iliyasu ya kawo Muhammadu Sani. Suka tarar da ni ina sakin ruwa, sanye da dogon takalmin robar da Halimatu ta tilasta mini don kada in ji rauni a ƙafa.

"Ka zo ganin gona? Ga ta, ka gani," na ce wa baƙon. "Wani ya miƙo mini tiyon can."

Iliyasu ne ya cire takalminsa, ya shigo cikin laka ya miƙo.