Dafarar Malam Ɗantani

"Gafara yake nema," in ji Liman Ashafa, bayan ya kai kunnensa bakin Malam Ɗantani. "Jama'a, ku yafe masa."

Nan ɗaki ya ɗauka, "Mun yafe, mun yafe." Hasana, 'yarsa, ta rufe fuska da mayafi tana shessheƙa. Ɗansa Jibrin ya durƙusa ya riƙe masa hannun dama, don na hagun bai ƙara motsi ba tun jiya da ya faɗi a zaure, haka ma rabin bakinsa. Ina bakin ƙofa cikin matan maƙwabta. Ni ma na ce na yafe, ko da yake ban san abin da ya yi mini ba, ban da tsiyar da muke yi wa juna ta kan katanga tun muna da baƙin gashi.

Amma tsohon bai natsu ba. Ya yi ta juya ido har ya sauke shi a kaina, ya sake murɗa harshe. Liman ya ce, "An yafe, Malam, Allah Ya yafe mana baki ɗaya." Sai ya ja wani guntun tsaki da rabin bakin nan. Na san tsakin. Shi yake yi wa lebura in ya cika wa ƙasa ruwa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba gafara yake cewa ba. Dafara yake cewa."

Aka juyo ana kallona kamar na yi saɓo. Shi kuwa ya lumshe ido, ya buɗe.

Malam Ɗantani magini ne, na ƙasa da azara, katangarmu ɗaya a nan gindin Dala. Ɗakina soro ne. Cikinsa aka kawo ni amarya, cikinsa aka yi wa maigidana wanka. Bara ya yi yoyo har na rasa kwanon da zan ci tuwo, duk suna ƙasa suna tarar ruwa. Ɗana Musa ya zo daga Kaduna ya gani, ya ce, "Inna, wallahi in ya sake zuba bana, rushe shi zan yi, ki tattara ki dawo wurina." Musa kuwa in ya rantse ba ya kaffara. Ni kuma ban ga abin da zai kai ni saman bene a Kaduna in zauna ina kallon fanka ba.

Da na kai wa Malam Ɗantani kukana, ya ce siminti ba ya riƙe jar ƙasa, damina ɗaya zai ɓamɓare ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Laso za a yi, shafen rufi irin na gargajiya. Da ƙafarsa ya je marina ya samo katsi, wato dattin gindin rijiyar rini da ake ƙonawa a dake. Ya je majema ya ɗebo gashin awaki. Ya aika ƙauye aka haƙo masa saiwar dafara, wadda ake dakawa a jiƙa har ruwan ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Da wannan ruwan ake kwaɓa sauran, shi ke sa su kama rufi su ƙi saki. Ya shafe rabin rufin, washegari ya yanke jiki ya faɗi a zaure. Sauran dafarar tana jiƙe a randa a tsakar gidana, gabas kuwa kullum da yamma sai ta yi baƙi.

Na bi Jibrin zaure. Tun yana saurayi ya bar ginin ƙasa ya koma siminti da tayil, a makon nan ma wani sabon ɗan majalisa yake gyara wa gida, ana ta sauri kafin ranar da soja za su miƙa mulki.

"Gwaggo Turai," ya ce, "ubana yana kwance rai a hannun Allah, ki ce in hau rufi? Me mutane za su ce?"

"Mutane sun yafe masa abin da bai roƙa ba. Abin da ya roƙa fa, wa zai yi masa?"

"Ni fa rabona da laso tun ina makarantar allo."

"To kawo tsani, ni zan hau."

Ya ɗauka wasa nake. Na shiga gida na ɗaure zane tamau, na jingina tsanin uban nasa, na fara hawa gwiwoyina suna ƙara. Sai ga shi da gudu ya riƙe tsanin.

"Don girman Allah sauko, Gwaggo, kada ki haɗa mana jinya biyu!"

Da safe aka fito da Malam Ɗantani kan katifa, aka ajiye shi a inuwar da zai hango rufina ta saman katanga. Ni da Hasana muna tace dafara, Jibrin yana kwaɓi. Kwaɓin farko ya ɗaga wa uban ya gani, tsaki. Ya ƙara katsi, tsaki. Ya ƙara ruwan dafara ya murza da kyau, shiru. Jibrin ya yi dariya hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Baba, ashe ba ka daina ba." Liman Ashafa ya leƙo dubiya, ya tsaya jim, sai ya naɗe hannun riga ya shiga miƙa kwarya sama. Ɗan majalisa ya aiko ana neman Jibrin, na ce wa ɗan aiken ya je ya ce yana wurin wanda ya fi shi matsuwa.

Ana kiran la'asar Jibrin ya gama shafen ya sauko, ya sa hannunsa baƙi ƙirin cikin na uban. Tsohon ya laƙato lason da yatsu biyu, ya murza, ya raba su a hankali yana kallon zaren yauƙin yana miƙewa. Bai yi tsaki ba.

Ranar Asabar da safe, rediyon kowane gida yana kawo rantsar da farar hula, Allah Ya karɓi abinSa. Kafin azahar an kai shi. Na yi kuka sosai, ban ɓoye ba. Wa zan ƙara ce wa ta kan katanga tsufa ya kama shi, ya ce ai ni na riga shi?

Ruwan bai zo ba sai ranar sadakar uku, da yamma, da iska mai ƙarfi. Tun kafin ya sauko na jera kwanukana a ƙasa, kowanne a gurbinsa na bara: gindin gado, bakin ƙofa, kusa da adaka. Na zauna a tsakiyarsu ina jira. Indararo ya yi ta kwarara a lungu har gari ya yi sanyi, sannan ruwan ya ɗauke.

Na bi kwanukan ɗaya bayan ɗaya ina shafa cikinsu da tafin hannu, babu ko ɗigo. Na ɗauki na gindin gado na zuba tuwo da zafinsa, na fita na miƙa wa Hasana ta kan katanga.