Farin Shafin Ƙarshe

Tela bai iya karatu ba, kuma a zatonsa duk gidan 'yarsa Auta ce kaɗai ba ta sani ba. Shekara uku ke nan, kullum da la'asar sai ta haye teburin yanka a shagonsa da littafinta na farar kyanwa, ya aza yatsa a ƙarƙashin layi kamar mai bin ɗinki, yana kallon hoto yana ƙaga labari. A shafin ƙarshe ga kyanwar a bakin ƙofa, ruwa na dukanta. Shi dai cewa yake ta fita kallon ruwa ne, yanzu za ta koma ciki.

Yau da hantsi mamanta ta leƙo shagon, ta ce masa Malama ta sa kowane yaro ya kai littafinsa ya karanta a gaban aji. Auta ta tafi da na kyanwar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In ta rattaba nasa labarin, aji ya yi mata dariya. In kuwa ta karanta abin da ke rubuce, ta gane ubanta maƙaryaci ne. Sau biyu yana ɗinka hannun riga a bai-bai, shi da ke taƙamar ko ido rufe ba ya kuskure. Ya warware, ya soke yatsa da allura, ya sake duban agogo. Tsoro yake ji, tsoron yarinya 'yar shekara bakwai.

Da aka tashi daga makaranta ta shigo ba tsalle, ta ajiye jaka, ta haye teburin.

"Yaya karatun?" in ji shi, idonsa na kan keke.

"Malama ta ce na iya." Ta buɗe shafin ƙarshe. "Baba, ashe korar ta aka yi don ta fasa kwalba. Ba ta koma gida ba."

Ya ɗauke ƙafa daga keken.

"Auta, ni fa ban taɓa..."

"Na sani tun bara," ta ce. "Yatsanka yakan gama layi, kai kana ta magana."

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Shekara guda cur tana zaune a kan teburin nan, tana rufa masa asiri.

Ta juya zuwa farin shafin da ke bayan littafin, ta zaro fensirin awo daga bayan kunnensa.

"Nasu bai ƙare daidai ba. Faɗi naka in rubuta. Amma a hankali, hannuna ba ya sauri."

Ya matso kusa da ita.

"Da ruwa ya ɗauke," ya ce, "sai aka buɗe mata ƙofa."